Gwiwarmu ta Jigawa ce, ba ta Sakkwato ba

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar hasashen yanayi da ke kwamfutar ofishinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Habu Sale, malamin gona a Gwiwa, Jihar Jigawa. Ranka ya daɗe, manhajarku ta burge ni, amma ta ja mini abin da har yau ake yi mini dariya a kasuwa.

Na ɗaya. Ranar da aka sa mana ita, ta ce in zaɓi garinmu. Na rubuta Gwiwa, sai ga Gwiwa biyu, kowace da doguwar lamba a gefenta, babu jiha, babu taswira. Na yi bisimilla na danna ta sama. Da na gwada wasu garuruwanmu, Kazaure da Roni sun fito lafiya, Kanya Babba kuwa ko alamarta babu.

Na biyu. A ƙarshen damunar bara, surukata Inna Hansai ta cire gyaɗarta, ta aiko a tambaye ni ko ta baza shanya. Na duba, na ga rana ƙwal har kwana uku, na ce ta baza ba fargaba. Maƙwabcinta Baffa Jauro, makiyayin da ya girmi mahaifina, ya dubi gabas ya ce shi kam iskar nan ba ta kwanta masa ba. Na ce masa na'ura ta fi ido. Washegari da la'asar aka tsuge da ruwa. Da ni da matata da maƙwabta muka yi ta kwasa a guje, duk da haka kashi ɗaya cikin uku ya yi baƙi. Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, a gaishe da na'ura.

Na uku. Da na kira ƙanwata da ke aure a Sakkwato ina ba ta labari, ta ce su kwana uku ke nan ko girgije ba su gani ba. Nan jikina ya ba ni. Na bincika lambar nan, ashe unguwar Gwiwa ta can na zaɓa. Wata huɗu ina karanta wa manomanmu sararin samaniyar Sakkwato. Yanzu ko Basakkwace aka kira, ni nake waiwayawa.

Roƙona shi ne, ku rubuta jiha da ƙaramar hukuma kusa da kowane suna, ku sa 'yar taswira mutum ya ga inda ya danna. Ku ƙara ƙananan garuruwanmu, don a can ake noman. Lambobin kuma ku riƙe abinku a ciki, mu suna muka sani.

Na gyara tawa, kuma bana hasashenku yana dacewa sosai. Sai dai kafin in faɗa wa kowa, nakan biya ta wajen Baffa Jauro tukuna.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya sa albarka a sana'arku, Ya ba mu damuna mai albarka.

Wassalam.

Habu Sale, Gwiwa ta Jigawa.