Jakar Inna ta gamu da 'yar gidansu

Lahadi da dare, Illela.

Yau na kai jakar fatar marigayiya Inna kasuwa gyara. Dukawa biyu suka ce in jefar da ita, har raina ya ɓaci. Sai wata tsohuwar Buzuwa, cikin masu kawo kayan fata daga hamada, ta yafito ni. Ta bi zanen jikin jakar da yatsa, sannan ta ce, "Ɗiyata, wanga ɗinki na gidanmu na. Innata kaɗai ka yin shi haka."

Nan ta zauna ta ɗinke maratayin, tana share hawaye da bakin mayafi. Alhamdu lillahi. Na fita da kayan uwata, ashe na uwar wata ma na ɗauko. Allah ya jiƙan su duka biyun.