Batir Biyu Ne a Gidan, Shi Ɗaya Ya Sani

Mijina ya hana ni kananzir kwalba ɗaya, shi da yake ɗura wa tsohuwar motarsa fetur galan-galan. Da wannan zan fara, domin duk abin da za ku ji daga nan ya taso, kuma ba zan janye shi ba.

Yanzu sai gaisuwa. Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karanta wannan fili, maza da mata. Kada ka buga sunana. Ni mace ce daga duwatsun Michika, ina aure a Muchalla ta Mubi. Mijina zan kira shi Baban Tizhe, tunda a wajenmu kowane ɗan fari namiji Tizhe ne, mai son gano mu sai ya bi gida-gida. Ban ce ban yi laifi ba. Roƙona kada kowa ya yanke mini hukunci tun bai kai ƙarshen takardar nan ba, don da hannuna na rubuta ta, kuma hannun nan sai da na aurar da 'ya sannan ya koyi riƙe fensir.

Shekarar da aka tambaye mu ko Nijeriya ko Kamaru, na shiga layi da goyo a baya, aka nuna mini akwati biyu, na tsaya ina kallonsu ban san wanne ne wanne ba. Tun daga gida Baban Tizhe ya gaya mini inda zan jefa, na jefa a nan. Har yau ban ce ya zaɓa mini ba daidai ba, amma baƙin cikin tsayuwar nan bai taɓa barina ba. Shi ya sa da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na tafi, furfura ta fara fito mini, yara suna leƙe ta taga suna dariya. Na koya. Da malamin ya tashi daga unguwarmu, matan da ba su gama ba suka ce in ci gaba da su a rumfar bayan gidana. Masu zuwa coci da masu salla, duk tabarma ɗaya. Yaushe mace take da lokaci? Sai ta dawo daga gona, ta yi tuwo, ta wanke yara, wato sai bayan magariba. Ga idanu sun tsufa, ga aci-bal-bal sai hayaƙi, harafi ɗaya mutum uku ke dungure a kansa. Na je na durƙusa na ce, Maigida, a taimake mu da kananzir mu kunna fitilar ƙwai. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Karatun tsofaffi? Me ya rage muku ku karanta? Ai wata ma fitila ne, ku jira ya fito."

Ku ji fa! Mu jira wata!

To, ni na yi shekaru ina sayar da abinci a tashar Mubi, idona ba a rufe yake ba. Na sha ganin direbobi suna aron batir su ta da mota, inji yana tafiya su cire shi su mayar wa mai shi, motar ba ta mutu ba. Na kuma ga masu shayi suna haɗa ƙwan fitilar mota da batir, wurin ya yi haske tas. A bayan rumbunmu akwai tsohon batir da Baban Tizhe ya yar, baƙi ne irin na cikin motar sak. Kullum da safe yakan ta da motar, ya ɗora dutse a kan totur don ta yi ɗumi, ya shiga wanka, daga nan ya zauna shan kunu, kuma shi mutum ne da ba ya gaggawa da kunu. Sai in ɗaga bonet, in kwance na ciki mai ƙarfi, in ɗaura wanda muka shanye jiya. Dole sai inji yana tafiya, don wanda ya shanye ba zai iya ta da mota ba. Shi ya tafi Michika da fasinja ya dawo, hanya ta cika mini batir ba tare da ya sani ba. Nauyi? Mu matan dutse a kafaɗa muke ɗaukar kaya, batir bai kai tulun ruwa ba. Ranar da na fara kunna ƙwan nan a rumfa, wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Ashe wannan harafin yana da wutsiya!"

Damina guda cur ina haka, ko tari motar ba ta yi ba. Sai dainamonta ya tsufa, abin nan da ke cika batir. Makanikensa, zan kira shi Malam Hamman, mutumin Lamorde ne, ya ba shi shawara ya sa sabon samfuri da aka fara kawowa, wai shi altaneta, ya fi caji. Aka sa. Ba a daɗe ba jar wuta ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa, motar ta tsaya a bakin mayo, wato rafi, da fasinja cike, mata da buhunan gyaɗa suka sauka suna turi. Aka ce altanetan ne ya ƙone. Aka sa wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Aka sa na uku. Ni kuwa ko a mafarki ban haɗa wannan da batirina ba, ina dalili? Ba damina guda na yi ina yi ba? Har ni ma na taya shi cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. Wannan maganar tawa ita ce nake jin kunyarta fiye da komai.

Da na ukun ya ƙone, Baban Tizhe ya je tasha a gaban direbobi ya kira Malam Hamman ɓarawo. Ya ce tsohon kaya yake gogewa ya shafa fenti ya sayar masa a matsayin sabo. Ya dawo gida yana ba ni labari da alfahari, wai, "Na wanke shi tas, ko uffan bai iya cewa ba. Mai gaskiya zai yi shiru?" Tun daga ranar direbobi suka fara janye motocinsu daga garejin mutumin. Yanzu kuma Baban Tizhe ya rantse ranar Juma'a zai kai ƙara wurin shugaban tasha a kore shi daga filin gaba ɗaya. Mutum mai iyali, wanda ba shi da gona sai sifana.

Jiya na je tasha sayen kifi, sai na ji an ce, "Maman Tizhe, sannu da rana." Malam Hamman ne, zaune a gindin dalbejiya, gareji wayam, ba mota ko ɗaya. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi. Muka gaisa, na ce ya haƙuri da abin da ya faru. Ya ce haƙuri ya zama dole. Sai ya ci gaba da magana yana goge sifana, bai kalle ni ba. Ya ce shi dai ya duba komai a motar nan. Ya duba bel ko ya yi sako-sako, lafiya lau. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ta goge tana taɓa ƙarfe, babu. Ya kankare inda waya ke kama jikin mota, ya canja abin da ke daidaita wutar, har ya ɗauka ruwan mayo ne ke shiga, ya yi masa marfi. Ya ce, "Abu ɗaya ya rage. Tsohon dainamo jaki ne, ko ka cire batir inji yana tafiya ba ruwansa. Wannan sabon ba ya ɗaukar haka. Wutar da yake haifarwa in ta rasa inda za ta zuba, kansa take komawa. Yau ya jure, gobe ya jure, wata rana ya ƙone."

Na ce, to wa zai cire batir mota tana tafiya?

Ya ce, "Nima na tambayi kaina. Na dai ga notin kan batir ya sha kwancewa har ya yi santsi. Kuma batirin da na sani murfinsa ɗaya a tsage yake. Ranar Litinin in gan shi a tsage, ranar Talata in ga ya warke." Ya ɗan yi murmushi. "Batir ba ya warkewa, Maman Tizhe."

Na ce, tunda ka gane, me ya hana ka faɗa ranar da aka zage ka?

Ya ajiye sifanar. Ya ce, "Iyalina tana zuwa rumfarki. Ita ta ba ni labarin wata fitila mai haske kamar rana. Makon jiya ta karanta katin asibitin yaronmu da kanta, ba ta tare kowa a hanya ba. Ta dawo tana ta rawar kai kamar an ba ta sarauta. In na yi magana, fitilar nan ta mutu. Ban tambaye ki komai ba, ke ma ba ki gaya mini komai ba. Ki sayi kifinki."

Jama'a, kuna tsammani godiya na ji? Wallahi fushi na ji. Wa ya aike shi ya sha zagi a madadina? Wa ya ce masa ina son a rufa mini asiri da abincin 'ya'yansa? Matarsa tana zaune a gabana kowace magariba, tana ce mini Malama, ashe hasken da take karatu da shi ne yake cinye tuwon gidanta, ita ba ta sani ba, ni ban sani ba, shi ya sani ya yi gum! Ina fushi da shi. Ina fushi da kaina, da na ɗauka don na ga abu a tasha na san shi. Amma babban fushina yana kan mutumin da ya gwammace ya sayi altaneta uku da ya sayi kananzir kwalba ɗaya, ko da yake bai san cinikin da ya yi ke nan ba. Da ya ba ni abin da na roƙa, da na taɓa masa mota? Ni da na haifa masa 'ya'ya, na noma masa gyaɗar da aka sayar aka sayi motar, sai na koma ɓarauniyar wuta a cikin gidana?

Na san halinsa. In ya ji, ba duka zai yi ba, bai taɓa ba. Rumfar zai rushe, ya ce ga abin da karatun mata ke jawowa, kuma mazan unguwa za su ji daɗin maimaitawa, kowa ya tsare matarsa a gida. In kuma na yi shiru, ranar Juma'a a kori mutumin da bai ci ba bai sha ba. Masu karatu, ku gaya mini, akwai hanyar da zan wanke Malam Hamman ba tare da na kashe ajin nan ba? In Maigida ya ce in zaɓa tsakanin gidansa da rumfata fa? Kuma dole ne in durƙusa in ba shi haƙuri, alhali shi bai taɓa ba ni haƙurin watan da ya ce mu jira ba? Me zan yi?

A nan na tsaya jiya. Na ƙara wannan kafin in kai takardar gidan waya, don na san kafin amsarku ta iso Mubi Juma'a ta wuce, duk da haka ku amsa, zan buƙace ta.

Yau da safe, da yake altanetan a ƙone yake, Baban Tizhe ya ta da motar da batirin aro, ya tafi. Ban taɓa bonet ba. Na ɗauki nawa batirin, mai tsagaggen murfi, na ɗora a kafaɗa, ban rufe shi da zane ba, na bi babbar hanya tun daga Muchalla har tasha, mutane suna kallo. Direbobi suna zaune suna shan shayi. Na dire shi a gaban garejin Malam Hamman, yana ta yi mini alama da ido in yi shiru. Na juya wajen direbobin na ce, "Ku da kuka ji an kira mutumin nan ɓarawo, ku matso ku ga abin da ke ƙona motar mijina. Ni ce na ɗauko shi, ni ce kuma nake musanya shi da na motar inji yana tafiya. In ya dawo daga Michika kada wanda ya riga ni gaya masa, maganar tawa ce."