Bakin Bindiga a Ƙasa

Minjibir, damina ta biyu da fara yaƙi

Zuwa ga Yaya Nababa, tsohon saje, a Ɗanbatta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, ina neman fatawarka a kan abin da babu shi a littattafaina.

Wata biyar ke nan babu takarda daga ɗan nan naka na wajena, tun da aka kwashe su zuwa bakin daga tare da Badaru, ɗan maƙwabciyata Hure. Jiya bayan azahar barci ya sace ni a gindin rumbu. Na gan shi tsaye a gonarmu, gero ya kai masa kafaɗa, yana kaɗawa alhali babu iska. Bai saɓa bindigar ba, kamar yadda ya gwada mana da ƙotar fartanya da ya zo hutu. Ya juya bakinta ƙasa, ya ɗora a kan takalminsa, ya haɗa hannuwa bisa gindinta, ya sunkuyar da kai. Na kira shi, sai na farka.

Ni da nake hana ɗalibaina rataya zuciya ga mafarki, ga ni ina tambaya. Wace irin tsayuwa ce wannan? Kada ka sassauta mini.

Ƙanwarka,
Kaltume

Kaltume,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai gwiwar nan.

Malama guda, barcin rana ya firgita ki! To, saurara. In saje ya ce a ƙame, bindiga tana gefen ƙafar dama. In ya ce a saɓa, ta hau kafaɗar hagu. In babba zai wuce, a tsai da ita gaban ƙirji. Wadda kika gani kuwa ta jana'iza ce, sau uku na yi ta a Bama.

Amma ki yi tunani mana. Gawa ba ta riƙe bindiga, mai rai ne yake kifa ta. Uwaisu ai a tsaye kika gan shi, ko?

Ki riƙa cin abinci. A gai da yara.

Yayanki,
Nababa

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarsa ta iso ranar Laraba. Yana raye. Badaru suka binne, shi kuma yana cikin waɗanda suka kifa masa bindiga. Ya roƙi in sanar da Hure da bakina.

Na yi sujudar godiya kafin in tuna ɗan wa ke ƙasa. Ban san yadda mala'iku za su rubuta mini wannan sujuda ba.

Ina jiyo Hure a bayan danga, tana daka tana 'yar waƙarta. Na ɗauki mayafina.

Ka sa mu a addu'a. Wassalam.

Kaltume