Rabin da Ba a Taɓa Ba

Danja, 4 ga Janairu, 1987

Zuwa ga ƙanena Maiwada,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu ma ƙalau muke, ban da tumatir.

Ka san irin nan na marigayi Baba, mai kaurin fata, wanda ake kai wa har Ikko bai ruɓe ba. Bara ɓera ya shiga goran iri, abin da ya bari bai cika tafin hannu ba. Na shuka shi kaf, fangali takwas a fadama. Yanzu ganye ya soma dabbare-dabbare, kore da rawaya, yana nannaɗewa. Na zuba toka, na yi feshi, kamar an shuka dusa.

Shekara bakwai kana wanke kwalabe a gidan binciken noman nan naku. In karatunka yana da rana, yau ce. Tsoro nake ji, Maiwada. In irin nan ya ƙare a hannuna, da wane ido zan dubi Inna?

Yayanka,
Sanda

Zariya, 13 ga Janairu

Yaya Sanda,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Takardarka ta tayar mini da hankali.

Wannan ba aikin ƙwaro ba ne. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, in ta shiga tsiro ba ta fita. Amma maigidana a wurin aiki yana wani gwaji da yis ɗin burodi. Shi ma yis abu ne mai rai, yana da irin nasa cututtukan, kuma ya fi tsiro sauƙin bincike. Mun lura cewa in aka dafa shi aka fesa ruwan a ganye mai lafiya, wani lokaci cutar takan kasa kama shi. Ban ce tabbas ba ne.

Ka je Funtuwa wurin Sikiru mai gidan burodi ka samo. Ka dafa, ka tace, ya huce. Ka tuge masu ciwon ka ƙone. Ka fesa wa fangali huɗu, ka bar huɗu kada ka yi musu komai, ta haka za mu gane ko yana aiki.

Ƙanenka,
Maiwada

Danja, 24 ga Janairu

Malam mai kwalabe,

Gaisuwa. Na je Funtuwa. Sikiru ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam Sanda, yanzu tumatur ɗin ma gasa shi za a riƙa yi?" Duk da haka ya cika mini gwangwani.

Maganar tugewa kuwa, ban iya ba. Wa yake binne mara lafiya da ransa? Famfon feshin ma garin yis ɗin ya toshe shi, ga warin maganin auduga. Sai na yagi tsohon rawanin Baba, ina tsomawa a bokiti ina shafe su ganye-ganye, kowace safiya. Masu ciwon nake fara yi wa, don mai jin jiki ake fara ba magani, sannan in bi sauran.

Huɗun da ka ce a bari ko taka su ban yi ba, ruwa kawai nake kora musu ta lambatu. Suna ba ni tausayi kamar marayu. Waɗanda nake shafawa kuma ciwon sai ƙaruwa yake, wataƙila maganin ya yi kaɗan. Ba zan zauna ina kallo ba. Ranar Juma'a ta sama zan shafe huɗun nan su ma, ka yi fushi in ka ga dama.

Sanda

Zariya, 29 ga Janairu

Yaya,

Ka gafarce ni, gaisuwa sai wani jiƙon. Don Allah, don Annabi, ka ajiye tsumman nan!

Abin da kake yi shi ne daidai abin da muke yi a nan in muna so mu sa wa tsiro cutar da gangan: mu murza ganye mai ciwo, mu shafa wa mai lafiya. A hannu take tafiya, da tsumma, da bakin riga. Laifina ne. Kullum da sabulu nake wanke hannu tsakanin tsiro da tsiro, har na manta cewa abu ne da ake faɗa wa mutum.

Yau Alhamis takardarka ta iso, gobe ce Juma'ar da ka ambata. Tun da na karanta na kasa cin abinci. Ba zan sa wannan a gidan waya ba, zan ba direban motar Danja, Allah ya sa ya same ka. Kada ka taka huɗun nan. Ka ƙone tsumman, ko da yake na san na wane ne.

Maiwada

Danja, 20 ga Afrilu

Ƙanena,

Gaisuwa da ban haƙuri kan shirun da na yi. Kunya ce ta hana ni rubutu.

Takardarka sai ranar Asabar ta zo. Ranar Juma'a na riga na shiga, na shafe fangali ɗaya, yis ya ƙare. Na garzaya Funtuwa, na tarar da gidan burodin a rufe, wai babu fulawa a gari. Na dawo ina ta faɗa da Sikiru a zuci.

Biyar da na shafa sun tafi. Ukun da ban taɓa ba sun yi 'ya'ya.

Ko yis yana aiki, wannan ku ta shafa, ni na ɓata muku gwaji. Inna tana ta gaya wa mutane ilimin Maiwada ne ya ceci irin Baba. Na ce mata haka ne, waɗanda ka ce kada in taɓa su ne suka rayu.

Ga rabin irin a ƙunshe cikin takardar nan. Ka ajiye a wurinka, nesa da hannuna.

Yayanka,
Sanda