Hotunan da Ban Ɗauka Ba

Lahadi da dare, Barnawa

Jiya ni da 'yan cocinmu muka dawo daga kwana biyu a daji bayan Rido, karona na farko a tanti. Sauro ya ci rabonsa, amma ba shi ne damuwata ba.

Sabuwar kyamarar nan ce. Tun a ƙofar coci na cinye batirinta wajen ɗaukar 'yan kwaya da kulolin abinci. Muna isa ta mutu. Na zaro caja, na tsaya ina kallon bishiyoyi kamar wawa.

Sai ga Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, cikin sabon zani. "Ɗana, ɗauke ni, ka tabbata dutsen nan ya fito." Wa ya isa ya ce mata a'a? Na ɗaga, na danna, na ce, "Ya yi kyau, Mama!" Nan take aka ja layi. Sau uku Mama tana canza ɗankwali. Har Fasto ya hau dutse da kwat.

Ɗazu ta sanar a coci cewa ran Laraba za a nuna hotunan a majigi.

Yanzu na yi wa kyamarar caji na duba. Hoto na ƙarshe kular shinkafa ce. Ta kuwa fito da kyau.