Inda Allurarka Ta Tsaya

Zuwa ga Yaya Haliru,

Bayan sallama, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarsa. Na san takardar nan ba za ta taɓa zuwa hannunka ba. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk faɗin Sakkwato babu wanda zan iya faɗa wa sai kai.

Gida lafiya lau. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma ba ta fasa zuwa Hubbare tana yi maka addu'a ba. Rijiyar da ke bayan gidanmu ta rufta da damina, mun haƙa wata. Baba kuwa idonsa ya tafi gaba ɗaya tun bara. Da murya yake gane mu yanzu, da hannu yake gane kaya.

Ka tuna farar rigar da ka fara yi masa? Ka zana adonta duka da tawada, ka ɗinke wuya da rabin aljihu da zaren tsamiya, sai zazzaɓin nan ya kwantar da kai. Da muka dawo daga maƙabarta, Baba ya ce a naɗe ta a sa a adudu, kada a ƙara buɗe ta a gabansa. Bai taɓa tambayar inda ka kai ba. Ni na buɗe na gani, kuma tun ranar na ƙudura a raina sai na ƙarasa ta ya sa a jikinsa. Ban faɗa masa haka ba. Cewa kawai na yi ina son koyon ɗinki. Ka san abin da ya ce? Wai wannan baiwa ce, kai aka ba, ni ba a ba ni ba, in riƙe gonarmu ta fadama da kyau.

Yaya, kai ma kana da laifi a nan, bari in faɗa maka tunda ban faɗa kana da rai ba. Sau nawa na zauna kusa da kai a zaure ina roƙon ka nuna mini? Sai ka yi dariya ka ce hannu ne ke sani, ba a faɗar sa da baki. To ni da hannuna bai sani ba fa, ina zan je? Haushinka nake ji a lokacin, har yau ma bai gama fita ba.

Wurin abokin aikinka na je, Malam Sambo na Ƙofar Dundaye. Ya ba ni tsummoki da ragowar zare. Tambarin farko da na ɗinka, wannan da'irar da kake yi kana hira ba ka ko kallo, nawa ya fito kamar waina da aka taka. Malam Sambo bai zage ni ba, bai kuma yabe ni ba. Miƙo mini ƙyallen kawai ya yi in farke. Haka muka yi ta yi. In taso daga gona, in zauna tsakanin azahar da la'asar, in ɗinka, in farke. Kantar fartanya da ke tafina tana kama zaren tsamiya tana tsinka shi, sai na shafa man kaɗanya na jira hannun ya yi laushi. Akwai ranar da na yi jifa da allurar, na kuma durƙusa ina neman ta cikin rairayi kamar mahaukaci, mutanen zaure suna ta dariya.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Babu ranar da zan nuna in ce yau na iya. Na dai lura wata rana Malam Sambo ya daina miƙo mini ƙyalle.

Ga kuma wata damuwa. Duk sa'ad da na buɗe adudun, sai in ga tawadarka ta ƙara dishewa. In na ƙara jira har in ƙware, zanen zai ɓace, kuma ni ban iya zane ba. Dole na fara ɗinkin rigar ina jin tsoro. Ban san zai yi mini ciwo haka ba, Yaya. Duk inda na soka allura, layin hannunka nake rufewa.

Da na gama, maɗinkan zauren suka karɓa suna juyawa, suna cewa ashe abin a jininmu yake. A jini! Ina jinin yake lokacin da nake farke tambari ɗaya har ƙyallen ya huje? Na ƙyale su, don ba nasu yabon nake jira ba.

Ranar babbar salla da safe na kai wa Baba. Na shimfiɗa masa ita a cinya. Ya bi wuyan da yatsu, ya gangaro aljihu a hankali. Ina tsaye ina kallon hannunsa har ya iso daidai inda ɗinkinka ya ƙare nawa ya fara. Bai tsaya ba. Ya wuce, ya shafa har ƙasa, sai hawaye. Ya ce, “Allah shi jiƙan Haliru. Ashe ya ƙare ta kamin shi tahi.”

Inna ta san komai. Ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai. Ya sa rigar, ni na riƙe masa hannu zuwa masallacin idi, duk wanda muka gamu da shi sai ya tsayar da shi ya ce ya taɓa ya ji aikin ɗansa. Rabon da in ji shi yana dariya haka tun kana nan. Yaya zan ƙwace masa wannan?

To ka faɗa mini, murna zan yi ko haushi zan ji? Yabon da na fi nema a duniya na same shi, amma da sunanka. Kai ka fi kowa sanin inda allurarka ta tsaya, kai kuma ba ka da bakin faɗa masa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a inda ya fi nan.

Ƙanenka da ba a ba shi ba,
Ummaru