Zari-Ruga Ba Sata Ba Ce

Woolwich, London
9 ga Yuni, 2025

Yaya Ɗalha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake tun muna samari akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro a kanka. Ya Hajiya Zubaida da jikoki? Mu lafiya lau. Gadin kanti tsayuwa ne, gwiwa kan yi ƙorafi a matakalar benen da muke zaune, amma ba ta kwantar da ni ba.

Na ji saƙonka, wai in hana ɗana Khalifa buga wa Najeriya gasar rugby ta 'yan bakwai-bakwai. Ba zan hana shi ba. Har na yi booking ɗin kujera a filin wasan, zan zauna a sahun gaba da hulata.

Idan ɗanka Maje zai taso zuwa nan, a ba shi kuka da daddawa ya kawo mana. Allah ya ƙara maka lafiya.

Amma ka tuna, ina kwaleji aka zaɓe ni cikin tawagar rugby ta ƙasa. Baba ya tambaye ka wane irin wasa ne, ka ce masa zari-ruga. Ya ce, "A zara a ruga? Ban haifi ɓarawo ba." Ka san ƙwallo ake zara, ba kayan mutane ba, amma ka sunkuyar da kai kana murmushi.

Abokaina suka tafi gasar, aka ba wani rigata. Ban ƙara taɓa ƙwallon ba.

Ƙaninka,
Is'haq